Ragon Suna a Bayan 'Yar Motata

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Abbey Wood a London, motoci biyu. Yayana ne a gaba cikin sabuwar a-kori-kurarsa mai ƙofa huɗu, wadda sai ka taka matakala kafin ka shiga, angon ƙarni na gefensa. Ni kuwa ina biye a 'yar motata, wadda Yaya ya raɗa wa suna gwangwanin madara.

Ƙanwata ce ta haihu, ranar suna ke nan. Mamanmu na Kano, biza ba ta fito ba, don haka ni ce uwar maijego. Masu girki na jira a ɗakin taron da muka kama a bayan Old Kent Road, kuma sun ja mini kunne: in nama bai shiga tukunya kafin sha ɗaya ba, dangin miji za su ci shinkafa gaya. Haihuwar fari, ba uwa, kuma ba nama? Wannan kunyar ba da ni ba.

Hanyar karkarar Kent, inda za mu yanko ragon, shiru, sai manyan motocin kaya da yayyafi. A gidan mai na sayi shayi fam uku, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye. Har na shanye, tankin Yaya bai cika ba.

Gonar da ake yankan tana ƙarshen wata siririyar hanya mai shinge hagu da dama. A can asirin Yaya ya tonu. Ashe da igiya ya taho, niyyarsa ya ɗaure rago da rai a bayan mota, a shiga da shi London kowa ya gani, kamar yadda ake yi a gida. Baturen mai gonar ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce dabba ba ta fita da rai sai ga mai takardun kiwo. Wani dattijo Musulmi ne mahaucin wurin. Angon ƙarni ya faɗa masa sunan jaririya, ya yanka, aka feɗe, aka sassara. Rago guda ya koma kwali huɗu da leda ɗaya ta kai da ƙafa, suka rakuɓe a kusurwar wannan makekiyar mota.

Goma da rabi muka shigo Old Kent Road, jajayen bas sun cika titi maƙil. Layin ɗakin taron kuwa an kafa masa turakun ƙarfe biyu don hana manyan motoci shiga. Yaya ya naɗe madubai, ya gwada, ya ja baya, ya sake gwadawa. Ina! Na baya sai danna masa oda suke yi.

Na fito na ce, “Yaya, a sauke kwalayen nan.”

“Ki bari in yi reverse, akwai wata hanya.”

“Wata hanyar sai azahar. A sauke.”

Na kwantar da kujerun baya, muka loda nama cikin ruwan sama, har da sauran wuri. Na sulale tsakanin turakun ko madubi ban naɗe ba, na faka a bakin ƙofar kicin. Sha ɗaya saura minti goma albasa ta haɗu da nama. Yaya kuwa sai da ya yi kusan awa yana neman inda zai ajiye motarsa, ya iso a ƙasa, babbar riga sharkaf.

Da la'asar na komo gida, mota na ƙarnin rago, kuma ko kaɗan bai dame ni ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mai gona ko magini ya sayi a-kori-kura, ya yi daidai. Amma mai zirga-zirgar makaranta, asibiti da cefane a garin nan, ya auna layin unguwarsu kafin ya auna idon mutane.

Ina cire takalmi ƙanwata ta kira. Ta ce, “Anti, sai yanzu na tuna ban yi kukan rashin Mama ba yau.”

Ni na yi mata shi, a tsaye a bakin ƙofa, makulli a hannuna.