Takalman da ke rataye a tsamiya

Da asubar fari muka tashi daga Gagarawa Tasha, ni da yayata da 'yarta, yarinya 'yar shekara bakwai da har yau ba ta taɓa cewa "Umma" ba. Masu tambayar ina na shige kwana biyu, to ga inda na shiga, kuma wallahi har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

'Yar tamu ba ta magana, ba ta kallon mutum cikin ido. Sai dai wani ɗan amo da take yi a maƙogwaro, mmmm, kamar zuma a cikin tulu. Aikinta guda ne, jera takalma. Duk wanda aka cire a ƙofar ɗaki sai ta haɗa shi da ɗan'uwansa ta jera. Likita a Kano ya ce otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Ya ce ba ciwon da ake sha wa magani ya tafi ba ne, haka Allah ya yi ta, koyarwa take buƙata da haƙuri. Dangin miji kuwa suka ce sam, 'yar ruwa ce, aljanu ne suka yi musanya tun tana jaririya. Suka yi ta yi har Yaya ta gaji, ta yarda a kai ta wurin wata tsohuwa mai magani a wani ƙauye bayan Maigatari. Ni na bi ne don kada ta tafi ita kaɗai, ina tafe ina mita.

Hanyar Gumel lafiya lau. Kaka ta yi, an yanke riɗi an jingina dammuna a gonaki, a duhun safiya sai ka rantse mutane ne suka tsaya suna kallonka. A tashar Gumel muka karya. Jama'a, ƙosan zamanin nan sai ka sa tabarau kafin ka gan shi, ga tsada. Muna can muna ciniki, ashe 'yar tamu ta lallaɓa wurin mai shayi ta jere takalman duk waɗanda ke kan tabarma. Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yan mata." Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Maigatari ranar kasuwa ce, ba masaka tsinke. Shanu, raƙuma, manyan motoci sun yi layi, masu cuku da dabino daga tsallaken iyaka, 'yan canji na kaɗa sefa a hannu. Wata babbar mota ta danna oda, yarinya ta toshe kunne ta fasa ƙara. Yaya ta lulluɓe ta a cikin hijabinta har ta lafa. Wata mata ta janye ɗanta gefe tana a'uziyya. Na harare ta har sai da ta bar wurin, don ni ba na barin ta kwana.

Daga nan sai babur, kabu-kabu in ji mutanen Nijar. Yashi har gwiwar taya, wayata ma ta aiko min da saƙon barka da zuwa Nijar alhali muna ƙasarmu, daga nan ta ɗauke ɗif. Rana na tsaka muka isa. Ƙauyen tsit, ko kukan akuya babu.

Tsohuwar na zaune a ƙofar bukkarta. Ba ta tambayi sunan yarinya ba, ba ta ma dube ta ba. Abin da ya fara sa gabana faɗuwa shi ne ta riga ta haɗa ƙwarya da gumba da ƙwai a ciki, alhali ba wanda ya ce mata muna tafe. Ta ce mu biyo ta. Muka bi ta cikin karan gero har bakin wani tafki mai faɗi, ruwansa kore, ko motsi ba ya yi. A gefensa akwai tsohuwar tsamiya. Da na ɗaga kai sai na ga ƙananan takalma na yara rataye a rassanta, wasu rana ta cinye launinsu, wasu sababbi.

"Iya, waɗannan fa?" na tambaye ta.

"Na waɗanda aka karɓa ne," in ji ta. Ta juya wurin Yaya. "Ki zaunar da ita nan da ƙwaryar. Ku tafi, kada wadda ta waiwaya. Masu ita za su ɗauki tasu, su maido miki taki."

Yaya ta ce, "Iya, wadda za a maido min, za ta san ni?"

"Ke dai kada ki waiwaya."

Na kama hannun Yaya na ce mu koma gida. Ta ce, "Na gaji, ƙanwata," da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Ta zaunar da yarinya, muka juya. Tsoro ya kama ni. Muna tafiya amon nan na binmu daga baya, mmmm, mmmm, ni kuwa na kasa kunne kamar raina a kansa yake. Can sai ya yanke.

Yaya ta riga ni waiwayawa. Ba kowa a gindin tsamiya sai ƙwarya. Yarinya na cikin tafki, ruwa ya kai mata ƙirji, tana miƙa hannu za ta kama ƙyallin rana a kan ruwan. Ban san Yaya ta iya gudu haka ba. Ta faɗa ruwan da hijabinta, ta fizgo ta, suka fito jiƙe sharkaf, takalmin yarinya ƙafa ɗaya ya maƙale a laka. A nan na gane yadda ake "karɓar" yaran nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsohuwa ta daka tsawa, "Kin ɓata aiki! Yanzu wannan ce taki har abada!"

Yaya na haki, ta ƙanƙame 'yarta ta ce, "Har abada? To alhamdu lillahi."

Ta Sule Tankarkar muka biyo a dawowa, a bayan wata motar buhunan zoɓo. Ba wadda ta iya cin ɗanwaken da muka saya. Na dai sami manyan yankin na gaya musu abin da idona ya gani, don bakina ba zai iya riƙe wannan ba.

Kafin magariba muka shiga gida. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, duk wanda ya ce zai canza maka ɗanka da wani, ka tambaye shi ina zai kai naka. Mun tafi neman wata yarinya mai magana da ba mu taɓa gani ba, saura ƙiris mu rasa wadda muke da ita.

Muna cire takalma 'yar tamu ta durƙusa ta hau aikinta. Ta jera na uwarta, ta jera nawa, ta ajiye nata ƙafa ɗaya, ta bar gurbin ɗayan a gefensa. Yaya ta zauna a ƙasa tana kallonta tana hawaye. Ɗayan yana can bakin tafki, kuma na san inda za a rataye shi.