Kaka Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Kwamfutar gidanmu ta girmi duk 'ya'yan yayana. Wani ofis ne a cikin Gadarif ya gaji da ita ya fitar, ni kuma na ɗauko ta a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, na rungume akwatinta a cinya har gida. Idan aka kunna ta sai ta yi gurnani tukuna, ta yi shiru, ta sake shawara, har mutum ya haɗa shayi ya dawo ba ta gama farkawa ba. Duk da haka ina son abata, kuma ba na yarda a zage ta a gabana.

Abu ɗaya ne a cikinta da ba ni da madadinsa, wato muryar kakata, mahaifiyar Inna. A shekarunta na ƙarshe nakan zauna a bakin gadonta na igiya bayan la'asar, in kunna 'yar rikoda, in yi ta tsokanarta har ta fara labari. Ta ba ni labarin yadda iyayenta suka taso daga yamma da niyyar hajji tana goye, ana noma a hanya, damina nan damina can, har tafiyar ta tsaya a wannan baƙar ƙasa mai laka. Hausarta ba irin tamu ba ce da Larabci ya cinye rabi. Ko habboba, sunan da jikoki ke kiran kakanninsu mata da shi a nan, ba ta yarda a kira ta da shi ba. Takan ce, "Ni kaka ce. Habboba tana gidan maƙwabta." Shi ya sa da na juye muryoyin a kwamfuta, na buɗe musu jaka guda na sa mata suna kaka. Daga baya rikodar ta lalace, ita ma Kaka Allah ya yi mata rasuwa, ya zamana jakar nan ce kaɗai ta rage.

Cuta kuwa 'yan unguwa ne suka kwaso mana. Kowa da filasharsa, wannan yana son a kwafe masa bidiyon biki, wancan wa'azi, wata kuma waƙoƙi, Inna ba ta iya ce wa kowa a'a. Kafin a ankara kwamfuta ta fara abin da ta ga dama. Ta buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba, ta ɓoye abin da ake nema, wani lokaci ta tsaya cak sai an zare waya. Na yi faɗa har na gaji, aka ce ni ce mai rowa.

A shekarar da nake magana an tura ni koyarwa wani gari, Basunda, sai ranar Alhamis nake dawowa gida. Lokacin yankan riɗi ne. Yayana yana noma a Simsim, kuma wanda ya san riɗi ya san ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye sai ya fashe ya zube a ƙasa. A irin wannan lokaci ko sallama ka yi wa Yaya, amsar da zai ba ka da riɗi a ciki. Ya shigo gari neman 'yan ƙwadago da buhuna, sai ya tarar an kawo wuta da ƙarfi ta ƙona wani abu a cikin kwamfutar. Ya kai ta kasuwa wurin mai gyara, aka canza mata kayan ciki, sannan ya kira ni.

"An gyara jihaz ɗinki," in ji shi, "amma akwai mushkila. Tun da aka canza mata kaya ba ta gane kanta ba, wai tana zaton sato ta aka yi. Ta ba da kwana uku a sabunta mata rajista, in ba haka ba ta kulle."

"To a sabunta mana, Yaya."

"Fairus ɗin nan, cutar da ta shige ta, ya hana. Mutumin ya ce gara a yi mata farmata, a share komai a zuba sabo, kalas."

Ina tsaye a bayan aji ne, inda waya ta fi kamawa, na ɗaga murya har yara suka leƙo. "Kada ya taɓa ta sai ka kwafe kaka a filasha. Ka ji ni ko? Kaka. Sauran duk ya share, ban damu ba."

"Kaka?" Na ji muryarsa ta yi haske. "Ashe ke ma kin damu da ita?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Yaya?"

Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina. Washegari ya sake kira ya ce ya kwafe kaka gaba ɗaya, ko abu ɗaya bai bari ba, ya kuma gaya wa mai gyara ya yi aikinsa. Na yi masa godiya har da addu'a, ni da ba kasafai nake yabon Yaya ba.

Ranar Alhamis ce rana ta uku. Mota ta sauke ni bayan azahar, ban je gida ba na wuce kasuwa da lakar Basunda a takalmi. Shagon ɗan ƙarami ne, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Mai gyaran wani dattijo ne mai tabarau, ba ya jin Hausa ko kaɗan, na same shi a waje yana shan jabana, gahawar nan tamu, wurin mai shayi saboda babu wuta. Yaya ma yana nan zaune a kan ɗaurin buhunansa. Ya ciro filasha daga aljihun jallabiya ya miƙo mini yana washe baki.

Halina ne ba na yarda da abu sai na gani. Na roƙi mai gyara ya buɗe mini ita a ƙaramar kwamfutarsa mai batir. Ya saka, ga jaka nan da sunan kaka, na ji sanyi a raina. Ya danna. Abin da ya fara fitowa hoton dammunan riɗi ne an jingina su suna shan rana. Na biyu tarakta. Na uku Yaya ne da kansa a kan tulin buhuna, ya ɗaga hannu biyu sama. Na ce a yi ƙasa, aka yi ƙasa, riɗi ne da dawa har ƙarshe, babu murya ko ɗaya.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Kaka mana. Ta bara ce, wadda ba mu taɓa samun irinta ba."

"Kakarmu nake nufi! Kaka da ta haifi Inna!"

Ashe shi ma yana da jakarsa a kwamfutar, inda yake tara hotunan girbi, ya sa mata suna kaka. Tawa kuwa fairus ya ɓoye ta, don haka da ya duba kaka ɗaya ya gani, ita ya kwafe, yana murna wai ƙanwarsa 'yar boko ta fara ganin darajar gona. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa babba, a tsakiyar kasuwa, mai shayi tana kallo. Shi kuma bai rama ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Mai gyara ya tambaya da Larabci me ya faru. Na ce masa a harshenmu kalma ɗaya ce ake kiran habboba da ita, ake kuma kiran lokacin girbi da ita. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ce, "Ya ustaza, kalmomi ne suka ƙare muku?"

Ban yi dariya ba. Akwai tambayar da nake tsoron yi, na daure na yi ta. "Ka riga ka yi farmata?"

Ya kurɓi jabanarsa tukuna, ni kuwa kamar in fizge kofin. Ya ce da safe ya saka faifan farmata, ya bi matakai har ya kai inda take tambaya ko ka tabbata a share, sai wani ya shigo neman caja. Ya juya ya sallame shi, ya dawo zai danna, aka ɗauke wuta. Tun lokacin yake jira.

Na zauna a kan wata matacciyar kwamfuta. Tun da na iya magana nake tsine wa ɗauke wuta a garin nan. Ranar na yi wa duk wanda ya kashe ta addu'a daga zuciya, shi da iyayensa.

Sai dai ba a tsira ba tukuna. Mai gyara ya ce wa'adin zai cika wajen magariba, in ta kulle ba za a iya shiga ba, kuma ma'ajiyarta irin ta da ce mai faffaɗar waya, ba shi da abin haɗa ta da wata kwamfutar. Dole a kunna ta a nemo jakar kafin lokacin, ga shi ba wanda ya san ranar dawowar wuta. Ban ga tashin Yaya ba. Can sai ga shi ya sabo janareta a kafaɗa daga shagon mai walda, jallabiyarsa duk baƙin mai, mai waldan na bin sa a baya yana cewa a yi masa a hankali. Mutumin da 'yan ƙwadago ke jira a tasha, da riɗi a tsaye a gona, ya tsuguna yana jan igiyar janareta har ta kama.

Aka kunna. Ta yi gurnaninta, ta yi shirunta, ban taɓa jin haushin nawarta kamar ranar ba. Da ta buɗe, saƙon ne ya fara tarbarmu, yana cewa yau ce rana ta ƙarshe. Mai gyara ya ture shi gefe ya shiga inda na nuna masa, babu komai. Ya ce in yi haƙuri, irin wannan fairus ɓoyewa yake yi, ba ya cika sharewa ba. Wannan "ba ya cika" ɗin ya tsaya mini a rai. Ya buɗe wani baƙin allo ya rubuta abin da ban gane ba, ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Sai jakunkuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, dishi-dishi, ga ta takardun makaranta, ga ta bikin 'yar maƙwabta, ga kaka.

"Wannan wace ce a ciki?" in ji mai gyara. "Tsohuwar ko gonar?"

Ya buɗe, muryoyi ne jere. Na rufe fuska da gyalena.

Kwafewar ta ɗauki lokaci. Kwamfutar ta ce saura kaɗan, can ta ce saura da yawa, janareta kuma tana tari, duk tarin da ta yi sai Yaya ya dafa ta yana bismillah. Da aka gama na sa aka wanke filashar daga cuta a ƙaramar kwamfutar, aka kunna murya ɗaya don a tabbatar. Aka ji ƙarar gado, aka ji gyaran murya, sannan Kaka ta ce, "To, ina muka tsaya?" Na ce a kashe, ya isa. Yaya ya juya baya yana duban titi, ya daɗe bai juyo ba.

Daga nan na saki jiki, na ce wa mai gyara ya yi duk abin da ya ga dama da ita. Sai ya ce a'a, kwamfutar da ta sha da ƙyar haka ba zai share ta ba. Ya bi fairus ɗin ya kakkaɓe iya abin da ya samu, ya haɗa ta da intanet ta wayarsa, muka kwantar da akwatin muna karanta lambar rajista a 'yar takardar da ke manne a gefensa. Rubutun ya koɗe, muka yi ta musu a kan wani harafi, ni na ce takwas ne, Yaya ya ce ba takwas ba ne. Aka gwada nawa ta ƙi, aka gwada nasa ta karɓa. Ya dube ni, na bar masa wannan. Ana kiran magariba muka ɗora ta a raksha, shi ya wuce tasha.

Da safiyar Juma'a na haɗa ta a ɗaki don in ga ko tana nan lafiya. Wuta ta dawo, ƙofa a buɗe, Inna tana tsakar gida a gaban murhun gawayi tana dafa shayi. Ban gaya mata abin da ya faru a kasuwa ba, kuma ita ba ta taɓa sauraron muryoyin nan ba. Na danna ɗaya daga tsakiya ba tare da na zaɓa ba, ban lura sautin yana sama ba. Kaka tana cikin labarin wata rijiya da suka yada zango kusa da ita, sai ta katse, ta ɗaga murya kamar yadda ta saba. Inna ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunanta ba har ta bar duniya.

"Ke 'yar nan! Shayin fa?"

Daga tsakar gida na ji Inna ta amsa, da sauri, ba tare da tunani ba. "Na'am Iya, ga shi nan zuwa."

Na ji ƙarar cokali a kofi, na ji takunta. Ta iso bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, ta tsaya, ta dubi ɗakin, ta dubi kwamfutar, ta dube ni. Na kai hannu da sauri zan kashe.

"Bar ta," in ji Inna. "Ba ta gama magana ba."

Ta shigo ta ajiye kofin a gefen kwamfutar, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu.