Arzika da Weji na Huɗu

Arzika ɗan kamasho ne a tashar mota ta Gusau, layin Funtuwa da Zariya. Mutumin Tsafe ne, dogo, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu. Wanda ya gan shi yana cusa buhun gero a bayan mota ba zai yi zaton a kan ciyawa ya yi ƙuruciyarsa ba. Yana yaro ya bi kawunsa Kaduna, ya shiga ɗaukar jaka a wani kulob na golf, wasan da rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ya daɗe yana bin manyan mutane a baya, yana miƙa musu sanda, yana gano musu ƙwallo in ta ɓace. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida riƙon gona. Da gonar ta gagari zuwa, saboda halin da ƙauyukan bayan Tsafe suka shiga, sai ya koma tasha.

Ta hanyar ɗana Yazid na san shi. Yazid ya koyi wasan a Jos lokacin hidimar ƙasa, ya dawo da jakar sanduna ta gwanjo. Ranar da ya sauka a tasha, Arzika ne ya ciro jakar daga mota, ya rataya ta a kafaɗa, ya kama hanya gaba kamar an aike shi. Yazid ya ce sai da ya yi gudu ya cim masa. Tun daga ranar suka ƙulla.

Ba su da filin wasa, sai suka yi nasu. Da rani, in ruwa ya janye a gulbin Bungudu, akwai yashi mai faɗi, a gefensa kuma fako. Sukan je ranar Lahadi a kan babur ɗin Yazid, su binne gwangwanin madara a matsayin rami, su kafa kara da tsumma a kai. Wurin bai isa dogon bugu ba, don haka yawancin wasansu na kusa ne. A nan gardamarsu ta samo asali.

Dokar wasan ta ce kada ɗan wasa ya shiga gasa da sanda fiye da goma sha huɗu. A cikinsu akwai waɗanda ake kira weji: gajeru ne, kansu a kwance, da su ake ɗaga ƙwallo in an matso kusa da rami. Yazid yana da uku. Sai ya yi odar na huɗu, wanda kansa ya fi duka kwanciya, yana cilla ƙwallo sama ta sauko kusan inda ta tashi. Jaka ta zama goma sha biyar. Dole wata sanda ta fita, kuma ba su taɓa yarda da wacce ba.

Na sha jin su a zaure bayan la'asar.

"Baba Arzika, in ƙwallo na bayan ramin yashi, tuta kuma tana nan kusa, da me zan tsallake?"

"Da hannunka. Mi anka yi maka wuyan hannu don shi? Ka buɗe kan na ukun, ka sassauta."

"Manyan 'yan wasa huɗu suke ɗauka."

"Su ciyawarsu kamar katifa take. Kai fako gare ka. Wagga aba ba sanda ba ce, ludayin kakarka Iya ne. Ka kai mata ta dama fura."

"To a cire doguwar."

"Ka cire doguwa ka tafi da ludayi? Sai ka kwana bisa hanya ba ka iso ba."

Doguwar ita ce mai ƙaton kai, wadda ake buɗe wasa da ita don a ci nisa. Arzika yana ji da ita. Yakan ce a zamaninsa babu mai ɗaukar jaka da ya kai shi tura ƙwallo, ko da yake da sandar aro yake yi, ranar Litinin da ake barin ma'aikata su taɓa. Bai taɓa shiga gasa da sunansa ba.

Yazid ne ya gano cewa kulob ɗin na Kaduna yana ware rana ɗaya a shekara, tsofaffin masu ɗaukar jaka su yi gasa tsakaninsu. Ya sa sunan Arzika. Ya ce masa, "Jakata za ka yi wasa da ita, ni kuma zan ɗaukar maka. Ka miƙo hannu kawai, in sa maka sanda." Arzika ya ce yaro ya raina shi, amma ya kai wandonsa wurin tela aka rage masa ƙugu.

Yazid bai kai ranar ba. Ciwon ƙoda ne, kuma bai ja lokaci ba. Ya rasu a farkon bazara yana da shekara ashirin da tara. Arzika yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ta kafaɗar dama.

Yazid bai yi aure ba, don haka ni da mahaifiyarsa muka bar wa kakarsa, Iya, ta rabar da kayansa sadaka yadda aka saba. Ta ba da riguna da takalma da huluna ga 'yan'uwan da suka zo gaisuwa daga ƙauye. Ban san ta taɓa jakar sandunan ba sai da Arzika ya zo bayan an share makoki, ya nemi ya gan ta. Ya bi kawunan sandunan da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce babu ludayin.

Iya ba ta ga abin magana ba. "Na ba Haliru na Karakkai. Macizai sun dame su ga rumbu. Sanduna cike da jaka, mutum guda, sai ka ce Bafillace? Gajeriyar na zaɓa mashi, mai nauyin kai."

Na ce wa Arzika ai magana ta ƙare da kanta. Saura goma sha huɗu cif, weji uku, doguwar tana nan, yadda ya daɗe yana so. Na ce ya ɗauki jakar ya je ya yi wasansa, haka Yazid zai so.

Ya ce, "Zan tafi Karakkai."

A lokacin hanyar ba ta da daɗi. Masu babur sukan tambayi juna labari kafin su shiga, wani lokaci su juyo daga rabi. Na ce masa kada ya sa kansa a haɗari saboda sandar da shi da bakinsa ya ce ba ta da amfani. Na ce in don tunawa da yaron ne, ga sauran nan sun ishe mu. Na ɗauka ya haƙura. Sai ya nuna bishiyar darbejiya da ke tsallaken titi, ba tare da ya juya kai ba.

"Malam, akwai mutum gindin iccen can?"

Akwai mai sayar da rake, da baronsa, da rana tsaka.

"Ni duhu nika gani. In na dubi abu tsaf, ina ganin tsakiyarsa, gefe babu. Kullum ƙara matsewa yake kamar bakin jaka."

Ya ɓoye wa kowa, har Yazid, don kada a sallame shi a tasha. A gulbi kuwa bugun kusa suke yi, shi ya sa ba a gane ba. Na kai shi wurin likitan ido a satin. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya yi nisa, abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani sai dai ya rage saurin sauran. A hanyar dawowa Arzika ya ce mini in ya buga doguwar, ƙwallo takan fita daga ganinsa tun kafin ta kai tsayin rufin ɗaki. Baɗi ko ta kusa ba lallai ya gani ba. Wannan gasar ce kawai ta rage masa, kuma yana so ya yi ta da sandunan da zai ga aikinsu.

Ya tafi Karakkai ranar kasuwa, cikin ayarin babura, ya dawo kafin la'asar. Ya ce ya tarar da sandar rataye a jikin rumbu, an ɗaure mata igiya. Haliru bai so bayarwa ba, don ya kashe gamsheƙa da ita, kuma kyautar Iya ce. Sai da Arzika ya saya masa adda sabuwa, ya kuma rantse cewa ba sayarwa zai yi ba. Kan sandar ya ɗan kwarzane ta gefe ɗaya. Ya goge shi da toka da tsumma.

Jaka ta koma goma sha biyar. A zaurena ya zare doguwar, ya riƙe ta ɗan lokaci, ya jingina ta a bango.

"A aje ta nan. Kada Iya ta gani, ta ba wani ya kaɗo mangwaro."

Ni na ɗaukar masa jaka a Kaduna, tun da wanda ya yi alkawarin ba ya raye. Ban san wasan ba. Aikina in miƙa sandar da ya ambata, in bi ƙwallo da ido, in gaya masa inda ta faɗa. Tsofaffin abokansa sun taru a wurin farawa, wasu da furfura, wasu babu haƙora. Wani mai suna Jibo ya leƙa jakar.

"Arzika, ina babbar? Ko ka jinginar ka ci tuwo?"

"Na bar ta gida don ku samu ku gan ni. In na zo da ita sai dai ku ji labari."

"Weji huɗu! Kai da kake zagin mai uku?"

"Na yaro ne. Ka matsa, kana tare mani iska."

Wasan bai yi masa sauƙi ba. Inda sauran suke isa da bugu biyu, shi sai uku. An yi ruwa kwana biyu kafin ranar, ciyawa ta yi laushi, hannunsa kuma ya saba da fako, sai sanda ta riƙa nutsewa. Sau da yawa ya buga ya tsaya yana kallon inda ba nan ƙwallo ta bi ba, har sai na ce hagu, ko dama. A rami na bakwai na kasa bin ta ni ma, muka rasa ta a cikin dogayen ciyayi, aka ƙara masa bugu. Ya ajiye wata ƙwallo muka ci gaba. Daga baya Jibo ya daina tsokana. Na lura yana tsayawa a bayan Arzika duk lokacin bugu, yana cewa "ta yi dama kaɗan" kamar da kansa yake magana.

Bai taɓa weji na huɗu ba sai a rami na goma sha shida. Ƙwallonsa ta tsaya a bayan ramin yashi, tuta tana nan kusa a ɗaya gefen, irin wurin da Yazid yake kwatantawa a zaure. Ya miƙo hannu bai juyo ba.

"Ba ni ludayin."

Ya buga. Ƙwallo ta tashi sama sosai, a hankali, ta tsallake yashin, ta sauka ta ɗan gangara ta wuce tutar. Ba wani bugun a zo a gani ba ne, sai da ya ƙara biyu kafin ta shiga. Na buɗe baki zan gaya masa inda take, ya ɗaga mini hannu.

"Na gani. Tun tashinta har saukarta."

Ya gama ramuka goma sha takwas. Da aka liƙa sakamako a allo, ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa takardar, sannan ya ja baya ya ce in karanta masa. Sunansa na uku daga ƙasa. Ya ce in sake karanta sunan kawai, ban da lambar. Na karanta: Arzika Tsafe.

Ya bar tasha kafin kaka, bayan ya kusa shiga gaban wata mota mai ja da baya. Yanzu yana Tsafe wurin ƙaninsa, a wani gida kusa da titi, yana gane motoci da ƙararsu. Jakar tana wurinsa. Doguwar tana zaurena inda ya jingina ta, ban matsar da ita ba. Nakan je ganinsa in hanya ta yi kyau, kuma ba kullum take yi ba. Zuwana na ƙarshe sai da na yi magana ya san ni ne. Na tarar da shi a kan tabarma da wejin nan huɗu a gabansa, yana bin kwarzanen da rumbun Haliru ya bari da babban yatsa.

Na ce masa, "To Malam Arzika, ashe yaron ya yi gaskiya."

"A'a," in ji shi. "Uku sun isa ga mai ido. Da shina nan da na faɗa mashi haka."

Ya tattara su ya lalubi bakin jakar, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun.