Zabuwar da ke Gadin Sunana

A gidanmu da ke unguwar Hajara, cikin Sabha, wani birnin Larabawa a tsakiyar hamada, ba a kiran sunana. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta furta shi. Kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka shi ma bakinsa ba ya ɗauka. Baba "Uwata" yake ce mini. Inna kuwa "ke" take cewa, in ranta na da daɗi ta ƙara da "'yar nan". Haka na girma, sunana yana kwance a takardun makaranta kamar kayan sallah a ƙasan akwati, an san yana nan amma ba a sawa.

Da na gama karatu na fara rubuta waƙoƙi, sai na buɗe shafi a dandalin sada zumunta, na ɗora cikakken sunana a kai, don ya sha iska. Fuskata kam ban sa ba. Hoton ƙofar gidanmu na sa, koriyar ƙofar ƙarfe wadda kurangar inabi ta leƙo ta samanta. Baba ne ya kawo reshen daga gonar da yake aikin ban ruwa a Wadi Bawanis, Inna ta dasa, ta raine shi da ruwan wanke shinkafa har ya zama inuwa. A ganina babu abin da ya fi kama da ni irin wannan ƙofa, kullum a rufe, amma da ɗan ganye a waje.

Gidan na haya ne. Mai shi wani dattijo ne Balarabe da muke kira Haji, ƙofarsa na kallon tamu. Tun ina goye ya gindaya wa Baba sharaɗi ɗaya: kada gidansa ya zama masaukin masu neman ƙetara teku. Ya ce ranar da ya ga baƙi masu jakar goyo suna shige da fice, ranar za mu kwashe kayanmu, domin ba zai bari shurɗa, wato 'yan sanda, su garƙame masa gida ba. Kowa a layin ya san ya taɓa korar wasu a kan haka.

Maƙwabciyarmu, wata Bakanuwa mai sayar da atamfa ta waya, ita ta jawo ni cikin harkar tsaron suna. Ina ce mata Tanti, tana gyara mini ta ce Anti. An taɓa sace mata shafi aka yi ta yaudarar masu sayen kayanta, tun daga nan ta zama mai wa'azi. Ta karɓi wayata ta sa mini wata manhaja. Ta ce in ba ta sunana da lambata da hotona, ita kuma za ta riƙa yawo lungu-lungu na intanet tana dubawa, duk inda ta ga an ambace ni ta yi ƙara tun kafin abu ya ɓaci. Abin ya burge ni ƙwarai. Ashe akwai wani abu a duniya da aikinsa kawai ya riƙa neman sunana, ni da ba a kira ko a cikin gida.

Ƙarar da manhajar ke yi wata irin kyarkyara ce mai kaifi. Ranar farko da ta yi, Inna ta fito daga madafa tana waige-waige, ta tambaya wa ya shigo mata da zabuwa. Shi ke nan sunan ya zauna.

Abin da Anti ba ta yi lissafinsa ba shi ne sunana da na Baba, in an haɗa, suna cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar Hausa. Zabuwa ta kama kuka ba dare ba rana. Da safe ta sanar da ni an ɗaura mini aure a Maraɗi. Da azahar na buɗe shagon turaren wuta a Agadas. Kafin la'asar na ci zaɓen shugabar ƙungiyar mata masu tuyar ƙuli. Wata rana na karanta a bayyane, ba tare da tunani ba, cewa Allah ya yi mini rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ludayi ya suɓuce daga hannun Inna. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tabbatar ina numfashi, sannan ta yi wa mamaciyar addu'a, ta ce in na sake karanta mata irin wannan za ta yanka zabuwar.

Anti ta ce akwai hanyar rage ƙarar, a bar ta sai kan lambata da hotona kawai. Na ce to, amma ban yi ba. Na riga na shaƙu da takwarorina. Ina zaune a ƙarƙashin inabi ina rayuwa a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Har waƙa na rubuta wa mai turaren wutar. Baba kuwa, in ya dawo daga gona ranar Alhamis da yamma, kafin ya cire takalmi sai ya tambaya, "Uwata, me kika aikata a wannan mako?" In ce masa na haifi tagwaye a Tawa. Ya ce barka, Allah ya raya, amma ya kamata a riƙa sanar da shi tun da wuri.

Wata safiya zabuwa ta yi wani kuka dabam, mai tsawo, saƙon kuma da jan rubutu. Wannan karon ba suna kawai ta gani ba, har da hoto. Na buɗe, sai ga ƙofarmu, ga inabin Inna, ga sunana, a wani shafi da ba nawa ba. A ƙasa an rubuta cewa Hajiya tana kai mutane bakin teku lafiya lau, mota mai kyau, direba mai tsoron Allah, duk mai so ya tura saƙo, sannan ya nemi koriyar ƙofa a Hajara. Don ƙawata tallar, sun ɗauko baiti daga wata waƙata a kan tsattsewa, inda na ce ba ta tambayar iska hanya. Kafin tsoro ya zo, abin da ya fara sosa mini rai shi ne baitin nan ya samu masu yabo a wurinsu fiye da duk abin da na taɓa samu a shafina, kuma sun rubuta tsattsewa ba daidai ba.

Manhajar ta jera mini abin yi: in kai ƙarar shafin, in sauya kalmomin sirrina, in faɗa wa na kusa da ni. Na yi biyun farko nan take. Aka amsa cewa za a duba, sai dai abin yana ɗaukar lokaci. Na faɗa wa Inna, ta ce ita ba ta gane yadda za a saci ƙofa alhali ga ta nan a tsaye ba. Haji ne ya kamata in faɗa wa, amma na kasa. Duk lokacin da na hango shi zaune a bakin ƙofarsa yana dafa shayi, sai in ce gobe.

Ba a jima ba baƙo na farko ya iso. Wani saurayi ne siriri, da jakar goyo, ya tsaya yana duban waya yana duban ƙofa. Inna ce ta buɗe. Ya gaishe ta da ladabi, sannan ya ɗaga murya ya rangaɗa cikakken sunana, ya ce ita yake nema. Ina daga ciki na ji, kuma wannan ne karo na farko da sunan ya shiga tsakar gidanmu da ƙarfi haka, har na ji kamar in amsa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba za ta ce babu mai sunan ba, don ba ta ƙarya. Ba za ta ce akwai ba. Sai ta tambaye shi ko ya karya kumallo.

Ni na fito na yi masa bayani. Ya riga ya tura wa masu shafin ƙaryar kuɗin da suka nema, daga nan suka daina ɗaukar wayarsa. Ya zauna a dakali. Inna ta kawo masa koko da burodi, ya sha, ya yi godiya, ya ce zai nemi aikin gini wajen unguwar Abdulkafi. Bayansa wasu suka zo, ɗaiɗai da bibbiyu, kowa da jakarsa, kowa ya kira sunan. Inna ta ƙara yawan kokon da take damawa. Haji kuwa yana zaune yana zuba shayinsa daga sama har ya yi kumfa, idonsa na kan ƙofarmu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Haji ya yi sallama. Baba na gida. Aka shimfiɗa masa darduma a ƙarƙashin inabi, ya ƙi zama. Ya miƙa wa Baba waya, wani ya tura masa shafin. Ya ce ƙofar tasa ce, wannan ya gani. Abin da yake so ya sani shi ne wace ce wannan Hajiya mai kai mutane teku daga cikin gidansa. Ya karanta sunan, ya dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa. Ya dubi Baba.

"Sunan mahaifiyata ne, Haji," in ji Baba.

"To tana ina?"

"Ta rasu tun ba mu zo ƙasar nan ba."

Fuskar Haji ta sauya. Ya ɗauka ba'a ake yi masa. Ya ce shi ya tsufa amma bai kai ya yarda matattu suna lodin fasinja ba. Ya ce tun da an zaɓi a ɓoye masa, to mu fara neman wani gida. Na ga Inna ta ɗaga ido ta dubi kurangar inabinta, wadda ta fara 'ya'ya a lokacin.

Na fito daga bayan labule, na ce masa ni ma sunana ke nan.

Ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ke? Ba Uwata ne sunanki ba?"

Tun ina rarrafe yake jin Baba na kirana haka, shi ma haka yake kirana. Sai da Baba ya fassara masa ma'anar kalmar da Larabci. Dattijo mai farin gemu ya tsaya yana tuna duk shekarun da ya yi yana tare ni a hanya yana cewa uwata zo ki karɓi dabino. Ya nemi dardumar da ya ƙi ɗazu, ya zauna.

Na durƙusa na nuna masa wayata. Ga jan saƙon zabuwa, wanda ya zo tun kafin baƙo na farko ya ƙwanƙwasa. Ga ƙarar da na kai a ranar. Ga shafina na asali, da hoton ƙofar tun inabin bai rufe saman bango ba, da waƙar tsattsewa cikakkiya. Ya sa tabarau ya buɗa hoton da yatsu biyu, har ya gano wata lanƙwasa a gefen ƙofar, wadda ya ce motarsa ce ta yi. Nan fushinsa ya sauya hanya. Ya ce wato ƙofarsa aka ɗauka ana yawo da ita a duniya ana cutar bayin Allah. Ya kuma yi mini faɗa sosai, ya ce in manhaja ta ce a faɗa wa na kusa, wa ya fi shi kusa, da taku goma ba su cika tsakanin ƙofofinmu ba.

Duk da haka ya ce shi waya ba ta ishe shi shaida ba. Ya juya wajen Inna, wadda ya ce bai taɓa kama ta da ƙarya ba, ya nemi ta faɗa da bakinta cewa wannan suna na 'yarta ne. Na ga leɓen Inna ya motsa, na ce yau zan ji.

"Wadda ta ɗauki hoton ƙofar, ni na haife ta," in ji Inna. "Sunan kuwa, Haji, ai ka iya karatu. Karanta abinka."

Daidai nan zabuwa ta kwarma kuka. Kowa ya zabura, har Haji. Na duba, sannan na sanar da su cewa na buɗe wurin sayar da fura a Damagaram. Sai da na yi masa bayanin takwarorina kafin ya gane. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, ya ce Allah ya kawo kasuwa. Ya ce mu zauna, amma gobe a sauya wa ƙofar fenti.

Shuɗi aka shafa mata. An rufe shafin ƙaryar bayan wani lokaci, zabuwa ce ma ta fara sanar da ni. Baƙi suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Haji ya matsa sai da na sa masa manhajar a tasa wayar, sai dai nasa sunan ya fi nawa yawa a duniya. Matarsa ta gaya wa Inna cewa a cikin buhun fulawa take tura wayar in tana so ta yi barcin rana.

Na ɗauki hoton shuɗiyar ƙofar, ya yi kyau, amma na bar shi a wayata ban ɗora ko'ina ba. Zabuwa kuwa har yau ban rage mata murya ba, sai dai in kukan mai tsawo ne nakan bar duk abin da nake yi in duba. In gajere ne, Inna takan leƙo daga madafa, ludayi a hannu, ta ce, "Ke 'yar nan, duba mini, ko waccan mai tagwayen ce."