Inna Baturiya, Wadda Ta Koma Ɗaliba Da Furfura a Ka

Kafin rana ta yi zafi, Inna Baturiya ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar bishiyar bedi, a bayan ɗakin yara masu tamowa, a wata ƙaramar cibiyar lafiya ta yankin Gidan Rumji. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. Aikinta zama da uwaye: ta dama madarar asibiti, ta nuna yadda ake ba yaro kaɗan-kaɗan, ta lallashi wadda hankalinta ya koma gona. A bana ta ajiye aikin, shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Ta daɗe tana yin aikin da faɗa, ita ma ba ta musu. Sai da furfura ta fito mata aka tura ta horo Maraɗi, wurin wani masanin halin ɗan Adam, Malam Rashidu. Ta zauna cikin ƴan mata sa'o'in ƴaƴanta, ta fi kowa tambaya. A can ta fara jin cewa ciwon da mutum ya danne a ransa ba ya mutuwa, yana fitowa ta wata ƙofa. Ta ji cewa sau da yawa taurin kai hanya ce ta kare zuciya daga abin da ta taɓa sha. Abin da ya fi tsaya mata shi ne da malamin ya ce, in wani ya tayar miki da fushi, kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki daga ina fushin ya taso.

Sabon ilimi kuwa, ya ɗan hau mata ka. Mijinta Chindo ya manto manja a kasuwa, ta ce lallai akwai abin da yake dannewa. Ya ce, "Baturiya, tsuhwa ne kawai, ki bar ni in sha hura."

Ana haka aka kawo Ummukulsum daga Sae Sabuwa a amalanke, da ɗanta Sale, ya rame har ba ya iya kuka. Uwar ba ta kallonsa. Takan miƙa masa kofi fuskarta a bango, in ya ƙi ta ajiye. Sunansa ma ba ta faɗa, sai "wanga". Matan ɗakin suka ce ai kunyar ɗan fari ce, haka muka gada, a bar ta. Amma yaro ba ya shan madara, uwar kuma ta fara ɗaure kayanta wai za ta koma gida. Kowa ya san in ta tafi da shi a haka, ba zai kai kaka ba.

Ran Baturiya ya ɓaci, ta taso za ta sauke mata kwandon faɗa irin na da. A bakin ƙofa ta tsaya. Ta lura ƙirjinta ya yi nauyi irin na ranar makoki, alhali ba wanda ya mutu. Tsoro ne ashe ya shigo da rigar fushi. Ta ce a ranta, in ni da nake baƙuwa ina jin haka, ita fa?

Sai ta ja tabarma ta zauna kusa da Ummukulsum, ba ta ce komai ba. Washegari ma haka. Da ta yi magana, tambaya ɗaya ta yi.

"Ɗiyata, shi ne na hwari?"

Ummukulsum ta daɗe tana murza bakin zane. "Haka aka cewa, Inna."

"Ke hwa, mi kika cewa?"

"Akwai wata gabanai. Ita ban yi mata kunya ba. Na goya ta, na yi mata waƙa gaban kowa, har uwar mijina tana mini dariya. Da ta rasu anka ce in yi haƙuri, kar in ƙara zancenta. In na so wanga kamar yadda na so ta, shi ma tahiya za shi yi."

Baturiya ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kuma zagi al'ada ba. Ta ce, "Mi sunanta?" Ummukulsum ta ce, "Rukaiya." Tun ranar da aka rufe yarinyar sunan bai fito daga bakinta ba. Ta yi kuka mai yawa, Baturiya ta bar ta ta yi, tana riƙe da kofin madara har ya huce, ta tashi ta dama wani.

Inna Baturiya, ke ce wadda girma bai hana ta zama ƴar koyo ba. Ke ce kika riƙe harshenki a ranar da faɗa ya fi sauƙi. Har yau kina cewa ba ki san komai ba sai bakin abin, kuma in lamari ya fi ƙarfinki kina tura shi ga masana ba tare da jin nauyi ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku yi koyi da ita: kafin ku ce da uwa mai taurin kai ce, ku ja tabarma ku zauna.

Ummukulsum ba ta tafi ba a wancan karon. Matan ɗakin sun shaida cewa da safe ta kwance ƙullin kayanta, ta ɗora yaron a cinya, ta juyo da fuskarsa gare ta. A hankali, yadda ta zaci ba mai ji, ta ce, "Sale, sha." Ya buɗe baki.