Itatuwan da Na Gada Mai Su Yana Raye

Maigidana ya karɓi hayar 'yar gona a Dagenham, nan London, irin wadda council, wato ƙaramar hukuma, ke yanka wa mutane, tun kafin ciwo ya kwantar da shi. A ƙarshenta ya tarar da itatuwan hazelnut, wanda ya riga shi wurin ne ya dasa su. 'Ya'yansu kamar gujiya suke, sai dai ɓawon da tauri. Ni ba su taɓa burge ni ba. Shi kuwa duk Asabar yana can, ya dawo da laka a ƙafar wando yana ba ni labarinsu kamar 'yan uwansa.

Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, duniyarmu ta koma cikin flat ɗinmu na unguwar Thamesmead, can saman bene. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki. Na riga na yi booking zan je Zariya ganin mahaifiyata, dole na yi cancel. A raina na ce ita ma gonar a bar ta ta cika da ciyawa, council ta karɓe abinta. Amma da bakinsa ya fara buɗewa, maganar da na fara ji sosai ta itatuwan ce, "An ba su ruwa?"

Shekarar aka yi wani zafi da ban taɓa gani a London ba. Ciyawa ta ƙone, aka hana ban ruwa da tiyo. Daga tagarmu ana hango Dagenham a tsallaken kogi, amma kafin ka isa sai ka sha zagaye da bas da jirgin ƙasa. Ranakun da ma'aikaciyar jinya ke zuwa ta zauna da shi, maimakon in huta, can nake tafiya. In cika bokiti a famfon bakin ƙofa, in ɗauko, in koma, har hannuna ya yi kanta. Ganyen ya riƙa nannaɗewa yana zuba tun lokacinsa bai yi ba.

Wata tsohuwa 'yar Turkiyya ce maƙwabciyar gonarmu, a garinsu ake noman hazelnut a kan tuddai. Ita ta ce in daina watsa wa ganye, in zuba a gindi, in rufe ƙasar da kwali da busasshiyar ciyawa don danshin ya zauna. Da haka suka kai ƙarshen zafin, duk da 'ya'yan da yawa ba komai a cikinsu.

Da kaka aka sanar za a yi guguwa. A talabijin ya gani, ranar kuma ba ta zuwan ma'aikaciyar ba ce.

"Hajiya, ki je ki ɗaure su," ya ce.

"Malam, da wa zan bar ka?"

"Yanzu za ki dawo. Ajiye mini ruwa kusa."

Na ajiye masa ruwa da waya, na ɗauki tsohon zani na fita. Ni da tsohuwar muka kafa turaku, na yayyaga zanin muka ɗaure ƙananan, muka rage rassan da suka yi nauyi. Ba mu gama ba iskar ta taso. Muka shige rumfar katakon da take ajiye kayan aiki, rufin yana ɗagawa yana komawa. Ta tagar muna kallo babban icen ya tsage biyu. Na duba wayata, an dakatar da jirage. Na kira shi, na sake kira, ba a ɗauka ba. Ga gidanmu can tsallaken ruwa, ba hanyar zuwa. Tsohuwar ta zuba mini shayi, na kasa sha.

Sai gab da magariba na isa. Na same shi a ƙasa gefen kujera, ya zame yana neman ɗauko wayar da ta faɗi, tun azahar. Bai ji rauni ba, amma jikinsa ya yi sanyi. Ina ɗaga shi yana tambayata itatuwan. Na ce babban ya tsage, sauran suna tsaye. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana.

Washegari na ce masa mu mayar wa council gonarta. Ya kalli taga ya ce, "In kin mayar, me zan riƙa tambayarki?"

Ban mayar ba. Na sare ɓarin da ya tsage, sabbin tsiro suka fito daga kututturen. Har yau ina zuwa, shi kuma bai sake taka wurin ba. Mahaifiyata takan tambaye ni a waya yaushe zan zo, in ce mata sai Malam ya ƙara jin sauƙi.