Usur a Jiratawa

Mu bakwai ne, dukanmu gidan kaso ya tauna ya tofar. Da muka fito muka ga yadda Maraɗi ta koma mana: a gaishe ka da baki, hannu na dafe da aljihu. Wata mata mai ƙungiyar taimako ce ta tara mu a bayan wani shagon walda a Sabon Gari, ta ce mu yi wasan kwaikwayo da abin da muka gani. Na ce mata tafi ba ya cika ciki, amma na zauna, don ba ni da wurin zuwa.

Ni aka bai wa gardi, mai tsaron ƴan kaso, saboda kowa ya ƙi. Alƙali kuma wani dattijo ne mutumin Tibiri, wanda ya yi shekara tara a ciki kan rikicin gona da ya kai ga jini. Baba muke ce masa. Rowar magana gare shi, amma in ya sa babbar riga ya naɗa rawani, sai ka rantse ya gaji shari'a. Ƴarsa ɗaya tilo tana aure a Jiratawa. Tun da ya fito ba ta zo ba, ba ta aiko ba, shi kuma kunya ta ɗaure masa ƙafa. Da aka ce za mu yi wasa can, ya aika mata. Ya ce mini ba ya son komai sai ta gan shi a tsaye, mutane suna saurarensa.

Ranar wasan na biya kasuwa na sayi usur, don a ganina gardi ba ya cika sai da shi. Ban gaya wa kowa ba. So nake in burge, kuma halin nan ne ya kai ni kaso tun farko.

Bayan la'asar muka fara a filin makaranta, manoma sun taso daga gonakin rani da laka a ƙafa. Na hango ƴar Baba cikin mata da goyo, kamarsu ɗaya har karan hanci. Baba ya miƙe zai yi magana, murya ta fito tas, fili ya yi tsit. Nan ne ya kamata in shigo da mai laifi. Na shigo, na hura usur.

A gidan kaso, in aka hura usur, ƙidaya ce: duk inda kake sai ka tsuguna, hannu a ka, ido a ƙasa. Ba shawara ake yi ba, ƙafafu ne ke yin aikinsu. Duka shidan suka zube, har alƙali da rawaninsa. Ni kaina da na hura sai da gwiwata ta lanƙwasa.

Jama'a suka fashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Sauran suka wayance suka tashi. Baba bai tashi ba, gwiwa ce ta ƙi ko zuciya, ban sani ba. Na tsani kaina a lokacin, har yanzu ma ban gama ba.

Ƴar ta ratso maza ta shigo fili. Ta tsaya a kansa ta tambaye shi ko haka ake yi masa kullum a can. Ya ce safe da yamma. Sai ta sauke masa hannuwan daga kai, ɗaya bayan ɗaya.

"Tashi, Baba. Nan ba mai ƙidayarka. Mu tahi gida."

Ta tafi da shi har da rigarmu da rawanin. Muka ƙarasa ba alƙali, muna kame-kame har aka kira magariba. Washegari ta aiko da kayan a wanke, a ninke, da saƙon cewa ubanta ya gama tsugunawa gaban mutane, kada a sake nemansa.

An ce yana can yana yi mata ban ruwan zogale, har ya yi ƙiba. Sau biyu ina kaiwa tasha zan je in ba shi haƙuri, sai in tuna a hannuna ta ga usur ɗin, in juyo.